Kilishin Karen Anti Lim

Tun da na dawo daga Malesiya ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta zo yi mini sannu da zuwa, kafin ma ta ajiye mayafi sai ta ce, "To Rabi, ba mu labari." Wasu labarin shagunan mayafai na titin Jalan Tuanku Abdul Rahman suke so, wasu na dogayen benaye. Ita kuwa ƙawata Maryam abin da ya tsone mata ido wani faranti ne mai zanen jan kifi, wanda bai dace da ko ɗaya cikin kwanukana ba, amma kullum shi nake ɗauka. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Sai dai ina faɗa tun yanzu, akwai kare a cikin labarin nan. Wadda za ta yi tsaki ta yi shi a nan mu wuce wurin.

Maigidana ne ya riga ni tafiya karatu, a wata jami'a da ke Jalan Semarak. Dakta nake ce masa tun kafin ya rubuta babin farko, don in zaburar da shi. Ana shirin in bi shi sai korona ta sauka, aka rufe ko'ina, na yi ta zaman jira a gidanmu har ƙannena suka fara tsokanata da bazawara. Da takardun suka fito kuma sai aka ce sai an tsokane mini hanci. Wannan tsinken da ake zurawa, ni dai na tabbata ya taɓo mini wani abu a ƙeya.

Mahaifina, wanda muke kira Baffa, mai kilishi ne, sana'ar da ya gada ke nan, kuma a gindin gadon shanya nama muka tashi. Ranar da zan tafi ya naɗe wani na musamman a takarda, ya ce, "Ki kai wa mijinki. Na san can ba su iya ba."

A jirgi na zauna kusa da wata mata da ta sanya takunkumi biyu, da gilashin rufe fuska, da rigar leda har ƙasa. Na yi atishawa sau ɗaya tak, ba ta sake juyowa ba har muka sauka inda za mu canza jirgi. A filin jirgin Kuala Lumpur aka jera mu, kowa kan tambarin da aka manna a ƙasa. Wani jami'i mai fara'a ya buɗe jakata, ya ɗago ƙunshin Baffa ya sansana, sai na ga idonsa ya yi dariya a saman takunkumi. Ya ce nama ba ya shiga ƙasar. Na yi bayani, na ce ai ya bushe, na ce tsaraba ce daga uba zuwa suruki. Ya saurare ni har ƙarshe cikin ladabi, sannan ya jefa shi a kwando. Na ji zafin abin nan har cikin raina.

Daga nan aka ɗaura mana wani zobe na roba mai ruwan hoda a hannu, aka loda mu a bas zuwa otal ɗin killacewa. Ɗakin ba laifi, har da tagar da ba ta buɗuwa. Abinci kuwa ga yadda ake yi: akwai kujera a bakin ƙofa, sai a ɗora ledar a kai, a ƙwanƙwasa, kafin ki buɗe sai dai ki ji ƙarar takalmi yana nisa a baranda. Ban taɓa ganin fuskar mai kawowar ba. Da safe shinkafa ce dafaffiya da ruwan kwakwa, da ƙananan busassun kifi, da wani jan yaji mai sukari a ciki. Shinkafa da sassafe, yaji kuma da zaƙi! Abincin ba shi da aibu, daga baya ma har nemansa nake, amma a ɗakin nan kasa ci na yi. Sai in buɗe in kalla in rufe. A gidanmu ko ruwa za ki sha sai wani ya ce ki rage masa, ga ni nan ni kaɗai da cokalin roba.

Rana ta huɗu Dakta ya kira ta bidiyo, ya ƙura mini ido ya ce, "Rabi, kin rame. Ba kya cin abinci ko?"

"Ina ci mana."

"Nuna mini robar."

Na nuna. Ya tashi ya zubo taliyarsa ta gwauro, ya jingina wayar da buta ya ce, "To bismillah." Yana ci ina ci, yana ba ni labarin malaminsa, sai ga robar ta ƙare. Haka muka yi kullum har aka yanke mini zoben.

Gidanmu a unguwar Cheras yake, hawa na uku a wani tsohon bene. Kowane gida ƙofa biyu gare shi, ta katako daga ciki, ta ƙarfe mai sanduna daga waje. Mutane kan buɗe ta katakon su bar ta ƙarfen don iska. A rana ta farko ina wucewa da kiret ɗin ƙwai, wani abu mai ruwan ƙasa ya yi haushi daga ƙofar da ke kallon tamu. Na yi salati, na yi tsalle, ƙwai suka tarwatse. Wata tsohuwa 'yar Sin ta fito da gudu tana ba da haƙuri, ta sunkuci abin ta rungume. Kare ne, bai fi kyanwa biyu ba, kuma sanye da riga.

Ita ce Anti Lim. Mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tana aiki a Singafo, iyaka kuma a rufe. Karen sunansa Kopi. A wurinmu kare na gadi ne ko na farauta, ƙanzo ake watsa masa daga nesa, kuma ba ya haye soro. Wannan kuwa har buroshin haƙori gare shi. Na ce wa Dakta, "Ikon Allah, ƙasar nan kare ma ya waye."

Amma Anti mace ce mai lura. Tun daga ranar, da ta ji motsina sai ta ɗauke Kopi. Washegari na tarar da sabon kiret ɗin ƙwai a rataye a ƙofata. Ba ta taɓa aiko mini da dafaffen abinci ba, sai 'ya'yan itace, don ta san ba ma cin abin da suke ci. Ita ta nuna mini rumfar da ake yankan kaza na Musulunci a kasuwa, ta koya mini in ce "tapau" idan ina so a ƙunsa mini abinci in tafi da shi. Da ɗan Turancinta da ɗan nawa muke hira, kowa daga bayan ƙofarta.

Wata safiya na ji hayaniya a baranda. Mutane ne cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, suna fitowa da Anti a kan kujera mai taya. Korona ce ta kama ta, numfashi take da ƙyar. Da ta hango ni sai ta ɗaga hannu suka tsaya, ta nuna makulli a rataye jikin ƙofarta.

"Rabi," ta ce, muryar ba ta fita sosai. "Kopi makan. Boleh?"

Wato Kopi ya ci abinci, zan iya? A duk Malayancin da na koya babu kalmar da ta zauna mini a baki kamar "boleh". Kafin in yi tunani na ce, "Boleh, Anti." Sai da aka sauka da ita na tuna abin da na ɗauka. Ni Rabi, wadda ko inuwar kare ba ta bari ta taɓa ta, an ba ni amanarsa.

Dakta ya yi dariya ya more. Ya ce, "Madam Boleh! To ai a mazhabarmu ma abin bai kai yadda kike ɗauka ba." Na ce masa ni ba daga littafi na koyi gudun kare ba, daga wurin Inna na koya. Muka raba aiki. Bayan an yi wa gidan feshi, shi zai riƙa shiga da takunkumi da safar hannu ya wanke banɗakin da Kopi ya saba zagayawa, ni kuma abinci. Ya fito mini da buhun abincin karen, wasu ƙwayoyi masu kama da gyaɗa, da kwanonsa.

Na tsara dabarata. In zuba a kwano, in ajiye a ƙasa, in tura shi ta ƙarƙashin ƙofar ƙarfe da sandar goge-goge, in buga ƙofar sau biyu, in koma gida da sauri. Bayan awa ɗaya in dawo in jawo kwanon. Rana ta farko ko ƙwaya ɗaya bai taɓa ba. Na ce kewa ce. Rana ta biyu ma haka, ruwa kawai yake lasa. Na dafa masa shinkafa da tsokar kaza, ko kallo ba ta ishe shi ba. Raina ya ɓaci na ce, "Kai, a garinmu da ka ga wannan sai ka yi rawa." Na kusa zuba masa miyar da na yi, Dakta ya tare ni, wai ya karanta albasa cutar da kare take yi.

Rana ta uku 'yar Anti ta kira, Mei sunanta. Tana kuka ta ce ma'aikatan jinya sun ce mahaifiyarta ta ture abinci. Duk wanda ya shiga sai ta tambaye shi ko Kopi ya ci, kuma ta ce sai ta gani da idonta.

"Sister, ki taimaka," in ji Mei. "Ko ki juye kwanon ki ɗauki hotonsa babu komai a ciki."

Na ce ba zan yi wa marar lafiya ƙarya ba, kuma Anti ba yarinya ba ce, za ta gane. Amma na ce ta ba ni zuwa gobe. Da na ajiye wayar na gane yanzu ba cikin kare kaɗai nake riƙe da shi ba, har da na Anti.

Mei ta kwatanta mini wani shagon kayan dabbobi a bayan kasuwa, irin waɗanda aka bari su buɗe. A bakin ƙofa aka auna mini zafi a goshi, na nuna wayata, na shiga. Jama'a, shago guda na karnuka da kyanwoyi ya fi kemis ɗin unguwarmu girma! Mai shagon wani dattijon Ba'indiye ne, Mista Kumar. Ya dubi hijabina, ya nufi wajen abincin kyanwa. Na ce a'a, kare. Ya tsaya ya sake dubana, sannan na ba shi labari.

"Ah, picky eater lah," ya ce. Wato mai tsirfar ci. Wannan "lah" kuwa da ita suke rufe magana a can.

Ya kai ni wani kanta daban ya ce wannan ba a toya shi da wuta mai ƙarfi kamar ƙwayoyin nan ba, nama ne ake yankawa a busar da iska a hankali, shi ya sa ƙamshinsa ke jan karen da ya ƙi ci. Ya buɗe ƙananan ledoji uku na gwaji ya zazzage a kan takarda. Na fara da cewa ya ware duk mai alade, ya ce babu shi a cikinsu. Na ja takunkumina ƙasa kaɗan, na sunkuya. Wallahi sai na ji ni a tsakar gidanmu da hantsi, nama a shanye kafin a tsoma shi a labu, haɗin nan na gyaɗa da kayan yaji. Kilishi ne, kilishin da ba a sa wa yaji ba.

Nan fa 'yar Baffa ta tashi. Na ɗauki na farko na murza, ya zama gari. Na ce wannan an wuce da shi, ya bushe har ransa ya fita. Na biyu yana ƙyalli, na sansana na ji kitsen ya fara juyawa, ɗan warin nan da ke kama maƙogwaro. Na uku na lanƙwasa shi, ya bi hannuna kafin ya tsage, kuma zaren naman ya fito. Na ce, "Wannan."

Mista Kumar ya sauke tabarau. "Madam, kin ce ba ki taɓa kiwon kare ba?"

"Ban taɓa ba. Amma babana wannan aikin yake yi, na mutane."

Ya yi dariya har da dafa kanta. Daga nan shi ma ya ba ni nasa ilimin. Ya juya ledar ya nuna mini jerin abin da ke ciki, ya ce in duba nama ne a farko, ba gari ba. Ya nuna inda aka rubuta cewa cikakken abinci ne, domin wasu na lasa ne kawai, ba sa riƙe ciki. Ya hana ni ɗaukar babbar leda, ya ce sai na ga ya karɓa tukuna. Kaɗan ake zubawa don yana da nauyi, a gauraya da wanda ya saba kada cikinsa ya ɓaci, a yayyafa ruwan ɗumi ƙamshin ya tashi. Ya ce in rufe da kyau, ƙasar nan danshi gare ta. Sannan ya daina murmushi ya ce idan har gobe bai ci ba, in daina canza abinci, a kai shi wurin likitan dabbobi.

Da na dawo, saboda maganar danshin, na juye shi a wata kwalba mai murfi na ajiye a kan teburin kicin, na shiga yin sallar azahar. Ina sallamewa na jiyo Dakta yana cewa, "Rabi, ashe kin tsira da wani kika ɓoye mini? Amma gaskiya Baffa ya yi rowar yaji wannan karon."

Na fito na same shi gaban kwamfuta, kwalba a cinya, baki yana motsi. Na ɗauko ledar na miƙa masa, ga hoton kare yana lashe baki. Ya dubi leda, ya dubi kwalba. Ya ce, "Innalillahi." Sai kuma ya ce, "Wa ya yanka?" Na ce wannan kam sai dai ya tambayi kamfanin. Ya ruga banɗaki, ya goge baki sau uku yana istigfari, ni kuwa ina durƙushe ina dariya har da hawaye. Na ce, "Ai a mazhabarmu abin bai kai yadda kake ɗauka ba." Ranar dai bai sake ce mini Madam Boleh ba.

Na haɗa kwanon yadda aka koya mini, ƙamshi ya cika barandar. Na tura da sanda. Kopi ya taso a hankali, ya sansana, har wutsiyarsa ta motsa. Ya ɗauki yanka ɗaya a baki. Har na fara murna. Sai ya juya, ya kai shi gindin wata 'yar kujera ta katako da ke kusa da ƙofa, ya ajiye, ya kwanta ya ɗora haɓa a ƙasa.

Na ji kamar in fashe da kuka. Na buga ƙofar sau biyu kamar yadda na saba, na juya da sauri. Silifas ɗina suna faf-faf-faf a baranda, sai na tsaya cak. Na san ƙarar nan. Ita na yi ta ji daga cikin ɗakin otal, ana ajiye mini abinci ana gudu. Na koma na leƙa. 'Yar kujerar nan ta Anti ce, a kanta take zama da kwanonta kullum da rana, Kopi a gefenta da nasa, ina wucewa ina gani ban taɓa kawo komai a raina ba. Kwana uku ina zagin kare da tsirfa, ashe ni ce nake masa abin da aka yi mini.

Na shiga gida na zubo shinkafa da wake, na ɗauko tabarma na shimfiɗa a baranda daf da ƙofar ƙarfen. Na ajiye sandar can gefe. Na kai hannuna, da hannuna, na gyara masa kwanon. Na zauna na ce, "To Kopi, bismillah."

Na yi loma ɗaya, na yi ta biyu, ban dube shi ba. Na shiga ba shi labarin abin da Dakta ya yi, da Hausa. Can sai na ji ƙaras-ƙaras. Na ɗago ido a hankali. Ya cinye na gindin kujera, ya zo ya tusa kai cikin kwano. Na yi wa Dakta alama da hannu, ya lallaɓo da waya ya ɗauka. Kafin in kai rabin farantina Kopi ya lashe nasa tas, yana tura kwanon da hanci.

Muka aika wa Mei. Kafin la'asar ta turo hoto daga asibiti: kwanon kunun shinkafa, babu komai a ciki sai cokali. Na zauna a kan tabarmar nan na yi kuka sosai, ban ji kunyar kowa ba.

Daga ranar cin abincina na rana ya koma baranda. Wata maƙwabciya Bamalayiya da ta gan ni ta kawo mini sabulun ƙasa, domin su idan yawun kare ya taɓa mutum sau bakwai suke wankewa, ɗaya da ƙasa, har sabulunsa ake sayarwa a shago. Ya kuwa yi amfani, don wata rana Kopi ya zuro hanci ya lashi gefen zanina. Na wanke shi yadda ta ce. Kuma tunda Inna ma ta tambaya, bari in amsa wa kowa: ban taɓa shafa shi ba har na baro ƙasar. Shi ma bai matsa ba, mun fahimci juna.

Anti ta dawo bayan mako biyu da 'yan kwanaki, ta rame kamar ba ita ba. Irin ihun da Kopi ya yi, sai da mutanen hawa na biyu suka leƙo. Kwana biyu bayan nan ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, tana riƙe da faranti mai zanen jan kifi da cokali, takardar shago ma ba ta ɓare ba.

"Sabo ne lah," ta ce. "Bai taɓa shiga kicin ɗina ba. Naki ne. Ki zubo abincinki ki zo, ni ma ba na son ci ni kaɗai."

Haka muka yi har Dakta ya zama dakta na gaske. Ita a kan kujerarta, ni a kan tabarmata, Kopi a tsakiya da kilishinsa. Ranar da za mu taho ta naɗe farantin a tawul ta cusa mini a jaka da kanta.

Da na ba Baffa labari ya daɗe yana jinjina kai. Abin da ya fi damunsa bai wuce wanda aka busar har ya zama gari ba, ya ce ko kare bai kamata a yi wa wannan ha'incin ba.

To Maryam, kin ji asalin farantin. Idan azahar ta kusa a nan, can lokacin cin abincin yamma ne. Shi ya sa duk ranar Lahadi za ki same ni da waya a jingine da buta, wata tsohuwa tana ɗaga mini cokali, wani ɗan kare yana ƙaras-ƙaras a gefenta. In kin zo kin tarar da mu, kada ki tsaya a bakin ƙofa. Ki wanko hannu ki zauna.